Jadawalin Auta da Jan Biron Yaya

Mu uku Inna ta haifa. Yaya ne babba, ni ce ta tsakiya, sai Auta, wanda Yaya ya girme shi da shekara goma sha ɗaya. Labarin Yaya nake son bayarwa, domin na san shi ba zai taɓa faɗarsa da bakinsa ba.

Yaya yana aji huɗu na sakandare Baba ya rasu. A lokacin babu mai kama ƙafarsa a lissafi a duk ajinsu. Malaminsu har gida ya zo sau biyu yana roƙon Inna kada a cire shi daga makaranta. Ba wanda ya cire shi. Shi ne ya tashi wata safiya ya ninke kayan makarantarsa ya tura ƙasan akwati, ya kwashi littattafansa da 'yan waɗanda Baba ya bari, ya tafi bakin ƙofar kwalejin da ke bayan unguwarmu. Ya shimfiɗa leda a ƙasa ya jera su. Da yamma ya dawo da shinkafa da sabulu ya ajiye a gaban Inna. Sai da ya shiga ɗaki ta juya baya ta share ido.

Daga leda ya koma tebur, daga tebur ya kama wani ɗan siririn shago tsakanin mai gyaran waya da mai ɗaukar hoto. Tun yana kan tebur ya lura da abin da ya riƙe shi duk rayuwarsa. Littattafan da suka fi tafiya su ne masu kaurin nan na tattalin arziki, da na harkar kuɗi, da na tsara manyan ayyuka da tafiyar da su. Sababbinsu sun fi ƙarfin ɗalibi, don haka mai gamawa ya sayar wa Yaya, mai shigowa ya saya a wurinsa. Akwai littafin da ya bi ta hannunsa sau shida, har ya san tabon shayin da ke shafi na arba'in.

Ya san su kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta. Ya san bugun da aka cire wa babi guda, ya san wanda ɗinkinsa ke saki bayan wata uku, ya san malamin da ke ɗauko tambayoyin jarrabawa daga ƙarshen wane littafi. Ɗalibi zai shigo a ruɗe ya ce ga kwas ɗin da yake yi, Yaya ya miƙa hannu sama ko duba bai yi ba ya zaro masa abin da yake bukata. Shi ya sa suka sa masa Furofesa, sunan ya bi shi har cikin gida.

Amma bai karanta su ba. Bango yake karantawa, da jerin babi-babi, da abin da aka rubuta a baya. In an tambaye shi sai ya ce ina lokaci. Ni ya taɓa faɗa mini gaskiya sau ɗaya, tun ban yi aure ba. Ya ce duk ran da ya buɗe tsakiyar littafi ya ga lissafin da ya san da ya ci gaba da makaranta da ya iya, sai ya ji gara ya rufe.

Auta kuwa a cikin shagon nan ya girma. In an tashi makaranta can yake wucewa, ya haye wata kujera a bayan kanta ya buɗe duk abin da hannunsa ya kai. Yaya yakan ɓoye masa kwafin da ya fi lafiya, ya ce wa mai saye ya ƙare. Shi ya saya masa kwamfutarsa ta farko a hannun wani ɗalibi da zai gama, tsohuwa mai zafi kamar dutsen guga, amma akwai manhajar tsara aiki a cikinta, irin wadda za ka zuba mata ayyuka da kwanakin da kowanne zai ci, ta jera maka su layi-layi ta nuna ranar gamawa. Auta ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba don murna. Ya shiga kwalejin, ya fita da sakamako mai kyau, wani kamfanin gina gadoji da shimfiɗa bututun ruwa ya ɗauke shi. Cikin shekara takwas ya zama shi ke riƙe da manyan ayyukansu. Duk wannan lokacin ban taɓa ganin komai a fuskar Yaya ba sai alfahari. Kowa ya shigo shago sai ya ji labarin ƙaninsa, ko yana so ko ba ya so.

Abin ya fara ne ranar da kwalejin ta gayyaci Auta ya yi wa ɗalibai jawabi. Yaya ya rufe shago da tsakar rana, abin da bai taɓa yi ba, ya sa kayansa mafi kyau. Muna zaune tare a layi na uku. Auta ya yi magana mai daɗi, ya kuma ambaci Yaya, ya sa shi ya miƙe aka tafa masa. Sai ya ƙara da wasa, ya ce:

"Ga Furofesanmu nan. Ya sayar da littattafan tattalin arziki sun fi dubu goma, amma ban tabbata ya taɓa wuce shafin farko ba."

Zauren ya fashe da dariya. Yawancinsu masu sayen littafi ne a wurinsa, dariyar ƙauna suka yi. Yaya ma ya yi dariya, ya ɗaga hannu. Amma da ya zauna na ga yana ta murza gefen hularsa da ya ɗora a gwiwa, bai daina ba har aka tashi. Da aka zo ɗaukar hoto ya ce ya bar shago ba kowa, alhali da idona na ga ya sa kwaɗo.

Daga ranar labarin ƙani ya ɗauke a shagon. In wani ya tambaye shi ko shi ne yayan wane, sai ya ce e, ya tambayi mutum littafin da ya zo nema.

Bayan shekara guda Auta da wasu abokansa biyu suka fitar da manhaja ta waya. Darussa ne gajeru a ciki, na yadda ake tsara aiki, da yadda ake fahimtar hauhawar farashi, da yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai gane ribarsa. Da muryarsa yake bayani, da harshen da muke magana a gida, yana kawo misali da ginin ɗaki da ɗinkin kaya. Ta karɓu fiye da yadda shi kansa ya zata. Ɗalibai suka rage sayen manyan littattafai. Ba su daina zuwa shagon Yaya ba, domin akwai inuwa da wurin cajin waya. Sai su zauna a kan bencinsa, su jona waya a soket ɗinsa, su kunna muryar ƙaninsa. Yaya yana zaune a bayan kanta yana manne bangon wani littafi da gam, Auta yana koyar da darasi daga cikin wayoyi uku lokaci guda. Wata rana ya tashi ya cire soket ɗin daga bango, ya ce yana jan wuta.

A gida ma bai tsira ba. Matarsa, wadda muke kira Anti, tana da kekunan ɗinki huɗu da mata masu yi mata aiki. Ya shigo wata yamma ya tarar ta jingina waya da gwangwanin zare tana sauraron darasin Auta a kan yadda ake raba aiki in oda ta yi yawa. Ta gaya mini ya tsaya a ƙofa ya ce ashe shekara ashirin tana zaune da mai littattafai ba ta taɓa neman ko ɗaya ba, sai yanzu karatu ya yi daɗi. Ta ce masa littafi ba ya magana, ita kuma hannunta a kan keke yake. Ranar bai ci abinci da yawa ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Inna. Tun rasuwar Baba, ko ƙofar banɗaki za a canza sai an jira Babba, haka take kiransa. Yanzu in an kawo magana sai ta ce a bari Auta ya zo, shi ya san kan irin waɗannan abubuwa. Ba da wata manufa take faɗa ba. Ni dai ina ganin yadda Yaya ke sunkuyar da kai yana gyara agogon hannunsa.

A shekarar da ta biyo baya rufin gidan Inna ya gaji. Kwanon ya yi tsatsa, katakon ya ruɓe, bangon kuma gajere ne, ɗakunan zafi kamar tanda. Muka haɗu muka yanke a yaye rufin gaba ɗaya, a ƙara wa bango tsawo, a sa ƙarafa maimakon katako. Wata uku ya rage damina. Auta ya ce zai tsara komai, sati takwas an gama. Kafin taron da za mu yi a kai, ya bugo jadawalin a takarda ya aiko wa kowannenmu da kwafi, layuka shuɗi da kore, kowane aiki da ranarsa.

A taron Auta ya jona kwamfuta da talabijin ɗin Inna ya yi mana bayani. Sati na biyu a yaye rufi. Magina su ɗaga bango cikin sati biyu. Daga nan mai walda ya zo ya auna, ya haɗa ƙarafan rufi cikin kwana goma, a ɗora kwano. Kayan Inna kuwa a tara su a ɗakin ciki a lulluɓe da tamfol, tunda ba a sa ran ruwa. Inna tana ta sa albarka. Da ya gama ya juya ya ce:

"Yaya, ko akwai abin da ka gani?"

Yaya ya ɗan jima yana kallon talabijin ɗin. Sannan ya ce, "Ni me na sani? Ku ne masu karatu."

Na ɗauka gatse ne irin wanda ya saba a 'yan kwanakin nan. Auta ma haka ya ɗauka, ya yi 'yar dariya ya rufe kwamfuta.

Inna ta koma wurina. Gidanmu a hawa na uku yake, ita kuma gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Sai da mijina da wani maƙwabcinmu suka riƙe ta gefe da gefe, muna hutawa a kowane bene. Da ta zauna ta ce ba za ta sake taka matakalar nan ba sai ranar komawa gida.

Aka yaye rufi a kan lokaci, magina suka gama har da rarar kwana ɗaya. Sai aka je wurin mai walda. Ya ce shi bai ƙi ba, amma ya riga ya karɓi aikin tagogin wata makaranta, injinsa ɗaya ne, kuma irin ƙarfen da Auta ya rubuta sai an yi odarsa daga nesa. Auta ya nemi wasu, duk mai kirki a cikinsu hannunsa cike yake, kowa na rige-rigen gamawa kafin ruwa. Kwana goma ya zama sati biyar. Ruwa kuma ya sauko da wuri a shekarar, ya zo da iska ya ɗauke tamfol ɗin ya liƙa shi a bishiyar maƙwabta. Katifar Inna ta jiƙe, durowarta ta kumbura ta ƙi buɗuwa, akwatin takardun Baba da hotunansa suka manne suka zama dunƙule guda. Sabon shafen bango ya zube a wurare biyu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inna tana da aminiya, maƙwabciyarta ta shekara arba'in, katangarsu ɗaya. Ta kwanta ciwo bayan Inna ta bar unguwar. Mun ce mu sauko da ita mu kai ta dubiya, ta ce ina amfanin wahalar da mutane, ai Auta ya ce sati mai zuwa za ta koma gida, sai ta zauna da ita ta wuni. Sati mai zuwa ya zo, Auta ya ce wani satin. Sau uku ana haka. A na huɗu aka bugo waya da safe aka ce matar ta rasu. Mun sauko da Inna a kan kujera zuwa ta'aziyya. Ta zauna a tsakar gidan aminiyarta tana kallon nata gidan ta saman katanga, ba rufi.

Auta ya rame a tsaye. Yakan baro ofis ya zo ya tsaya a cikin gidan da lema yana kallon sama. Ya ba Inna haƙuri ya fi sau goma. Yaya kuwa ya yi ta zirga-zirga, shi ya sayo sabon tamfol ya hau da kansa ya ɗaure. Amma na lura ba ya haɗa ido da kowa, kuma ko sau ɗaya bai ce wa Auta ka gani ba. Wannan ya ba ni mamaki, domin na zaci zai samu abin faɗa.

Wata rana da azahar na biya shagonsa in karɓi littafin 'yata. Ya tafi masallaci, mai gyaran waya ne ke duba masa shagon. Na zauna a kujerarsa ina jira, na sunkuya in ɗauki takardar da zan yi fifita. A ƙasan kanta na ga wani ƙaton littafi na tsara ayyuka, ya kumbura da guntayen takardu da aka saƙala a shafukansa. Na buɗe, gefen kowane shafi cike da rubutun Yaya da fensir, har babi na goma sha huɗu. A tsakiya na tarar da kwafin jadawalin Auta. An ja wa layin mai walda zobe da jan biro. A gefe Yaya ya rubuta cewa mutumin nan yana da aikin makaranta har ƙarshen wata mai zuwa, ƙarfe kuma sai an jira shi sati uku, don haka kada a taɓa rufi sai ƙarafa suna ajiye a tsakar gida. A bayan takardar ya zana nasa jadawalin da rula, tsaf, ya nuna ayyukan da in ɗaya ya makara duk sauran sun makara. Yaya yana da ɗabi'ar sa kwanan wata a duk abin da ya rubuta. Na duba. Kwana uku ne kafin taronmu.

Da ya dawo ya ganni da takardar a hannu sai ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce wa mai gyaran waya ya gode, ya jawo ƙofar ya sakaya. Bai yi musu ba. Ya zauna a kan bencin ɗalibai ya gaya mini komai, yana kallon ƙasa. Ya ce tun ranar jawabin nan ya fara karatu. Da rana, in shago ya yi shiru, sai ya ɗora littafin a cinya a ƙasan kanta, in wani ya shigo ya tura shi ciki. Wata biyar ya yi a babi uku na farko. Ya ce ba don ya ƙaru yake yi ba, so yake ya kama Auta da kuskure ko da guda ɗaya ne. Mai walda kuwa kullum a gefen shagon Yaya yake shan shayi, a bakinsa ya ji maganar aikin makarantar. Da jadawalin ya zo, bai yi minti goma ba ya ga inda kuskuren yake.

Na tambaye shi me ya hana shi magana da Auta ya tambaye shi a gaban kowa.

Ya ce, "Takardar tana aljihuna a ranar. Na sa hannu zan fito da ita, sai na ji Inna tana sa masa albarka. Na ce a raina bari ya ɗan sha kunya na sati ɗaya ko biyu, sai in fito in gyara. Wallahi ban san ruwa zai zo da wuri ba."

Na ce, "Amma ka san Inna tana hawa na uku."

Ya ce, "Tatsakiya, ni na saya masa kwamfutar nan. Ina son yaron nan. Amma in na ji muryarsa a waya sai in ji kamar ni ne ya kamata in kasance a ciki."

Ban tausaya masa a ranar ba. Na ce ko ya faɗa musu da bakinsa ko ni in faɗa. Na ajiye takardar a kan kanta na fita, na manta da littafin da ya kawo ni.

Kwana tara ya ɗauka. A na goma ya je ofishin Auta, wurin da bai taɓa takawa ba duk da an sha gayyatarsa. Ban je ba, abin da kowannensu ya faɗa mini daban-daban na haɗa. Yaya ya ce Auta ya miƙe tsaye ya ɗaga masa murya, karo na farko a rayuwarsu, ya ce wata biyu yana kallon kansa a matsayin wanda ya hana Inna ganin aminiyarta, ashe akwai mai kallonsa yana shiru. Auta bai ba ni wannan ɓangaren ba. Shi abin da ya faɗa mini shi ne, da ya huce ya ɗauki takardar ya juya bayanta, ya daɗe yana dubawa. Ya ce jadawalin Yaya ya fi nasa, ba a wurin mai walda kaɗai ba, har a wurare biyu da shi bai lura ba. Ya ce shi ya saba da kamfani, inda in ka rubuta kwana goma akwai mai tilasta kwana goman. Yaya kuwa ya san mutanen da sunansu da halinsu. Ya tambayi Yaya wa ya koya masa, Yaya ya ce littafin da ke saman kanta ta biyu, bugu na biyar. Sai Auta ya tuna da maganar da ya yi a zauren kwaleji, wadda shi ya daɗe da mantawa. Ya ce kunya ta hana shi ɗaga kai.

Inna ce ƙarshen ji. Yaya ya hau har hawa na uku ya durƙusa a gabanta ya faɗa. Ta saurara har ya gama, ta ce ta ji. Wata guda gaisuwa kawai take amsa masa. In ya zauna sai ta juya ta kama hira da 'yata. Yana zuwa kullum bayan ya rufe shago, ya zauna rabin awa ba mai ce masa komai, ya tashi. Wata yamma yana shirin tafiya ta ce ba ta son fentin da Auta ya zaɓa, ya yi kama da na asibiti, Babba ya je ya duba wani. Ya ce to. Na raka shi bakin matakala na ga ya dafa ƙarfen ya tsaya kafin ya fara sauka.

Shi ya ƙarasa aikin gidan. Auta ya sakar masa komai, Yaya ya bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya da takardarsa da jan bironsa, cikin sati uku Inna ta koma ɗakinta. Hotunan Baba dai ba su dawo ba. Guda ɗaya muka samu a wurin wata goggonmu aka wanke mana.

Auta ya so ya jawo shi cikin manhajarsu. Ya ce ya zo ya yi darussa a kan aiki da ƙananan ma'aikata, abin da littafi ba ya faɗa. Yaya ya ƙi. Ya ce shi ba zai zama ma'aikacin ƙaninsa ba, ya kuma faɗa ba tare da ya sassauta ba. Abin da ya yi shi ne ya rage rabin littattafan da ba sa tafiya, ya sa benci uku a shagon. Ran Asabar da safe yana zama da masu ƙananan sana'a, kafinta biyu, da mai gidan burodi, da wata mai shirya abincin taro, da Anti, wadda ta ce ta zo ne ta ga ko ya fi waya. Yana buɗe littafi ya karanta sakin layi, ya fassara, sannan ya sa kowa ya kawo aikin da ke gabansa a jera shi a allo. In ɗayansu ya ce ai haka Auta ya faɗa a darasi kaza, sai fuskar Yaya ta canza, ya ce to ai sai ka je can ya ƙarasa maka. Sun gane, sun daina faɗa, suna saurara a ɓoye.

Yana da shekara hamsin da ɗaya ya yi rajistar jarrabawar ƙwararru ta tsara ayyuka, irin wadda Auta ya ci tun da daɗewa. A kwamfuta ake yin ta, shi kuma da yatsa ɗaya yake dannawa. Karon farko lokaci ya ƙare masa yana tambaya ta casa'in, ya faɗi. Bai gaya wa kowa ba sai ni. 'Yarsa ta biyu ta riƙa zama da shi tana koya masa saurin hannu a wata manhajar gwaji, ba ta Auta ba, ya tabbatar da wannan kafin ya yarda. Karo na biyu ya ci da maki saba'in da huɗu.

Ranar da sakamakon ya fito ya kira ni shago. Ya nuna mini takardar, na yi masa murna har da ƙwalla. Ya bari na gama, ya leƙa waje, sannan ya rage murya ya ce in bincika masa da dabara maki nawa Auta ya samu a lokacinsa, kada in ce shi ya aiko ni.

Na bugo wa Auta waya a gabansa, na yi ta kewaye-kewaye. Auta ya yi dariya ya ce in gaida Yaya, in ce masa tamanin da ɗaya ne. Na ajiye waya na faɗa masa yadda aka ce.

Yaya ya gyaɗa kai a hankali. Ya ninke takardarsa ya sa a ambulan, ya ce ai a zamanin su Auta jarrabawar ba ta kai ta yanzu wuya ba, kowa ya san an ƙara tambayoyi. Sai ya tambaye ni ko zan sha shayi, ya leƙa ya ce a kawo kofi biyu.